Ra'ayinmu: Tallafin Bincike Yana Nan, Hutun Karatu Ne Ya Rage

A cikinmu akwai malaman da suka yi rajistar digiri na biyu ko na uku a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a fannonin Tarihi da Hausa da Larabci da nazarin zamantakewa. Sun gama darussan aji, sun kare tsarin bincikensu, sannan aikin ya tsaya cik. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: albashin malami ba ya ɗaukar kuɗin zuwa Gidan Arewa a Kaduna ko Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma mai koyarwa kwana biyar a mako ba ya samun natsuwar rubuta kundi.

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ma'aikatan manyan makarantu yake ɗaukar nauyin karatunsu. Malamin firamare ko na sakandare ba shi da rabo a ciki. Sai dai akwai wasu ƙofofi. Majalisar binciken zamantakewa ta SSRC da ke Amurka tana da shirin da ke tallafa wa masu digiri na uku a jami'o'in Najeriya da wasu ƙasashen Afirka a matakai uku: tsara bincike, fita neman bayanai, da kammala rubutu. Ƙungiyar CODESRIA, wadda aka kafa a 1973 kuma take da mazauni a Dakar, a baya ta daɗe tana ba da ƙananan tallafi na rubuta kundi. Cibiyar IFRA ta Faransa da ke Jami'ar Ibadan ita ma tana taimaka wa masu fita bincike. Sharuɗɗan sukan canza daga shekara zuwa shekara, don haka kowa ya karanta sanarwa da kansa, ya fara shiri da wuri, domin takardar shaida daga mai duba kundi ba a samunta a kwana ɗaya.

Abin bincike kuwa a ƙofar gida yake. Gimbana, garin Malam Abdussalami, wanda harin Gobirawa a kansa ya kasance cikin musabbabin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, yana nan kusa da mu. Ga kasuwar Jega da tsoffin hanyoyin fataucinta, ga noman albasa da sana'ar ɗori a Aliero, ga rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu. Dattawan Maiyama da Sarandosa da suka riƙe labarin kafuwar garuruwansu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta maido da darasin Tarihi a makarantun matakin farko a 2022. Wa zai rubuta abin da za mu koyar game da ƙasarmu, in ba mu ba?

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jihar Kebbi da Ma'aikatar Ilimi su ba duk malamin da ya ci irin wannan tallafi hutun karatu tare da albashinsa, bisa alkawarin zai dawo ya koyar na wasu shekaru. Bai kamata a sa mutum ya zaɓa tsakanin karatunsa da abincin iyalinsa ba.

Mu ma akwai namu nauyin. Waɗanda suka kammala digirinsu su duba wa na baya takardun neman tallafi kafin a aika. Iyalai kuma su yi haƙuri da maigida ko uwargida mai raba dare a kan littafi. Allah Ya ba masu nema sa'a.