Allurar EPO Da 'Yan Tseren Sha'awa

Gasar Ironman, wadda aka fara a jihar Hawai ta Amurka a 1978, ta ƙunshi ninƙaya ta kilomita 3.8, da tseren keke na kilomita 180, da gudun ƙafa na kilomita 42.2, duk a yini guda. Akasarin masu shigarta ba ƙwararru ba ne, sha'awa ce take kai su. Abin takaici, allurar EPO ta kutsa cikin irin waɗannan 'yan wasa. A 2012 an kama 'yan keke na sha'awa biyu da ita a gasar Gran Fondo ta New York.

EPO sinadari ne da ƙoda take fitarwa domin ya sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iskar oksijin ga tsoka. Likitoci suna ba da na ɗakin gwaji ga masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙaranci. Amma idan lafiyayye ya tsira wa kansa, jininsa yakan yi kauri. Gumin dogon tsere kuma ya rage ruwan jiki, kaurin ya ƙaru, har jini ya dunƙule a jijiya, ya jawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka wajibi ne masu shirya gasa su riƙa gwada 'yan sha'awa kamar yadda ake gwada ƙwararru, su kuma wayar musu da kai. Mai yi wa kansa allura a ɗaki ba shi da likitan da zai auna masa jini. Garin neman gira, bai kamata a rasa ido ba.