Wasiƙa ga Malaman da ke Koyar da Shaihu Umar

Ƙannena da 'ya'yana malaman Hausa.

Allah ya saka muku da alheri. Aji cike da yara, littafi guda a hannun mutum biyar, albashi kuma sai an ga dama, amma kuna nan tsaye. Wannan kam an yaba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne littafin rubutun wata jikata. An karantar da su Shaihu Umar zango guda, ga abin da ta kwaso: Kagara, Fatika, Kano, Murzuk, Tarabulus, an jera su da lamba, malam ya ja jan biro ya ba ta maki cikakke. Na tambaye ta me ya fitar da uwar Umar daga gida har ta faɗa hannun masu sayar da bayi. Ta yi shiru. Haba malamai! Littafin da ke nuna yadda hari ke wargaza gida, shi kuka mayar taswirar ayari?

Ku duba abin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi. Malamin makaranta ne kamarku, matashi, lokacin da ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, littafin ya fito a 1934. Bello Kagara, a Ganɗoki, ya ba mu jarumi da takobi. Shi kuwa Ɓalewa cikin gida ya shigar da mu. An dawo daga hari, 'yan hassada suka kai Makau, mijin uwar Umar, ƙara wurin sarki, aka kore shi daga gari. Matarsa ta tafi ganin iyayenta, aka sace yaron da ta bari. Ta bi sawun ɗanta har aka mayar da ita baiwa, aka ƙetara Sahara da ita, ta gan shi a Tarabulus bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wannan masifa daga hari guda ta taso. Yaron da bai gane wannan sarƙa ba, bai karanta littafin ba, ko da ya haddace shi.

Laifi na biyu ya fi ci mini rai. Idan aka zo kan bauta, sai ku yi sauri ku wuce, ku kama zancen haƙurin Shaihu da karatunsa. Haƙuri gaskiya ne, yana cikin littafin. Amma wa ya kai harin? Sarakunanmu ne da fadawansu. Wa aka kama? Talakawan ƙauye. Ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Ke nan masu karatunsa na farko suna zaune tare da waɗanda aka taɓa saye da kuɗi. Ɓalewa bai ji kunyar rubutawa ba, ku me ya sa kuke jin kunyar karantarwa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malamanmu na da, Allah ya jiƙansu, karantawa suke yi da murya, su tsaya a inda kura ta cinye ɓarawon yaro, su bar aji ya yi ta gardama. Yau sai a rubuta taƙaitawa a allo a ce a kwafa. Wannan lalaci ne, ku yafe mini kalmar.

Na san jarrabawa na bisa wuyanku, kuma sunayen garuruwa na fitowa. Ku koyar da su, amma bayan yaro ya san wanda ya yi tafiyar da dalilinta. Ku sa su rubuta labarin da bakin uwar. Ku nuna musu fim ɗin Adamu Halilu na 1976 in kun samu. Sannan ku yi hattara: a ajinku akwai yaran da suka gudo daga Borno ko Zamfara, sun san sace mutum ba a takarda ba. Kada ku tsayar da ɗayansu ya ba da shaida. Wanda ya so magana ku saurare shi, wanda ya yi shiru ku ƙyale shi.

In na yi zafi, ku ɗauke shi a matsayin faɗan uba. Allah ya yi muku jagora, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Naku, tsohon malamin Hausa.