KUƊIN JAMI'A: A FAƊA WA TALAKA ABIN DA ZAI BIYA

 Maganar da muka kawo muku yau ta kuɗin jami'a ce. Muna roƙo a karanta ta a gaban jama'a, a kuma maimaita wa wanda bai iya karatu ba.

Kowace shekara in sakamakon jarrabawar bak ya fito, ana guɗa a gidan da yaro ya ci. Mu masu koyar da yara a lakwal mun fi kowa murna, don mu muka riƙe hannunsa ran da ya fara rubutu a allo. Amma tun hatsi bai shiga rumbu ba sai ka ga uban yaron ya zo ƙofar aji, ya yi sallama, ya ce: "Mushe, ashe ba an ce karatun gwamnati kyauta ne ba? To, wannan kuɗi da ake ta nema na mene ne?" Sau da yawa mu kanmu sai mu yi ta kame-kame. Wannan abin kunya ne gare mu, shi ya sa muka zauna muka warware zaren.

Ku sani kuɗin jami'a ba iri ɗaya ba ne. Akwai kuɗin koyarwa, wato ladan malamai da ɗakunan karatu da kayan gwaji. A jami'o'in gwamnati hukuma ce ke ɗauke da mafi yawan wannan, daga lanho da kuɗin kwastan da mu duka muke biya. Wanda ke son ya ga nauyinsa na ainihi sai ya tambayi masu 'ya'ya a jami'a mai zaman kanta, irin ta Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013, inda iyaye ke biyan komai daga aljihunsu. Wannan kaɗai ake nufi in an ce kyauta.

Sai kuɗin dole. Shi ne ke ruɗa mutane. Kafin a rubuta sunan yaro sai ya biya kuɗin rajista, kuma kowace shekara sai an sake. A digiri na farko, wanda ake kira lisans, kuɗin rajistar ɗan ƙasa ba shi da yawa in an gwada da na makarantun kuɗi. Amma ba shi kaɗai yake tafe ba. Ga takardar haihuwa, ga takardar zama ɗan ƙasa, ga hotuna, ga kwafin sakamako da sai an buga masa hatimi, kowace da kan sarkinta, kowace da kuɗin motar zuwa Madarunfa ko Maraɗi. In ya samu ɗaki a gidan ɗalibai zai biya, tikitin abinci zai saya, darasin da malami ya ba da a takarda sai ya kai an buga masa. Ɗaya-ɗaya ba su da nauyi. In an tara su kuwa, tunkiya ta tafi kasuwa. Wanda ya gama shekara uku na lisans yana son ya wuce masta, nan kuɗi kan haura ƙwarai, musamman a sassan koyon sana'a.

Na ƙarshe shi ne cin yau da gobe, haya, sabulu, magani. Babu takardar hukuma da ke ambatonsa, shi ne kuwa ya fi duka girma.

To, ina aka samo kalmar kyauta? A zamanin Nasara ba a biyan kuɗin lakwal, gaskiya ne. Har ma da gardi ake zuwa kama yara, iyaye suna ɓoye su a rumbu. Amma Nasara ma'aikatansa yake nema, magatakarda da tafinta da mushe, don haka 'yan kaɗan yake ɗauka, ya ciyar da su, ya tura mafi ƙwazo makarantar William Ponty a Senegal. Da muka samu mulkin kai a 1960 babu jami'a ko ɗaya a ƙasar Nijar. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ɗaliban farko 'yan tsiraru ne, gwamnati na iya ɗaukar cinsu da kwanansu. Labarin wannan zamani ne ya tsaya a kunnen tsofaffinmu. Yau jama'a ta ninka, masu cin bak sun ninka, tukunya ba ta ninka ba. Dokar ilimi ta 1998 ta faɗa a fili cewa nauyin karatu a makarantun gwamnati rabawa ake tsakanin hukuma da ƙananan hukumomi da iyaye. An rubuta wannan da Faransanci, ba wanda ya zo dandalin Gabi ya faɗa mana da Hausa.

Ba mu raina abin da aka yi ba. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tillaberi. Tamu ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan ƙasar nan, masanin kimiyya. Da can ɗan Gabi sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, yanzu garin kwaki da ƙuli-ƙulin uwarsa suna isa gare shi da motar kasuwa. Wannan sauƙi ne babba. Amma kusancin gini bai sa ɗan talaka ya shiga ba in ƙofa na neman abin da ba shi da shi.

Za a ce mana ai akwai burs, kuɗin tallafin da hukumar ANAB ke bai wa ɗalibai. Akwai, kuma gidaje da yawa da shi suka ga ɗansu ya gama. Sai dai ba kowa ke samu ba. Ana duba maki, ana duba shekarun haihuwa. Ku dubi wanda wannan ma'auni ke kayarwa. Ɗan ma'aikaci a birni ya shiga lakwal da wuri, yana karatu da lantarki. Ɗan manomi ya shiga a makare, ya yi kiwo, ya maimaita aji saboda damina ta ja shi gona. A 'yan shekarun nan ma 'yan bindiga da ke tsallako iyaka sun kore shanun da da su ake biya wa yaro karatu. Wanda ya fi bukatar burs shi ne ya fi saurin faɗuwa a ma'auninsa. Wanda ya samu kuma, kuɗin kan yi jinkiri wata da watanni, mai ɗakin haya ba ya jira, mai shago ba ya jira.

Ga kuma wata asara da ba a lissafawa. In yajin aiki da ƙarancin ɗakunan karatu suka ja shekara ɗaya ta shiga cikin ta biyu, digirin shekara uku ya zama na huɗu ko biyar. Uba ya yi shirin damina uku, sai ya tarar da biyar. Ƙanwar yaron da ke kwaleji ita ake fara cirewa a yi mata aure don a rage baki. Mun ga wannan da idonmu, ba sau ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka waɗannan ƙananan kuɗaɗe ƙaramar magana ce. An zubar da jini a kansu. A Najeriya a 1978 gwamnatin soja ta ce koyarwa kyauta ce, amma ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini. Ɗalibai suka tashi, suna neman a sauke kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali, aka harbe wasu a Legas da Zariya. A nan gida, ran 9 ga Fabrairu 1990, 'yan ƙungiyar ɗalibai ta USN sun fito a Yamai suna ƙin shirin tsuke bakin aljihu da aka yi da Bankin Duniya, wanda zai taɓa tallafinsu. A gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Wannan rana na cikin abubuwan da suka jawo babban taron ƙasa na 1991. A watan Afrilu 2017 wani ɗalibi ya sake rasa ransa a Yamai a zanga-zangar neman burs da gyaran zaman ɗalibai.

Ku leƙa kuma ƙetaren iyaka, Katsina da Kano, inda wasu 'ya'yanmu ke karatu. Jami'o'in tarayyar Najeriya sun daɗe suna cewa ba sa karɓar kuɗin koyarwa. A 2023 da yawansu, har da ta Bayero a Kano, suka ninka kuɗin rajista da sauran kuɗin dole, sunan kyauta kuwa bai canja ba. Maganin da aka kawo shi ne bashi: a 2024 aka buɗe asusun NELFUND mai ranta wa ɗalibi, ya biya in ya samu aiki. Mu dai muna tsoron wannan hanya. Yaron da zai fito ya yi shekaru yana koyarwa da kwantaragi, da me zai biya?

Ba mu ce kada a karɓi ko dala ba. Jami'a tana cin kuɗi, alli ma saye ake. Abin da muke nema shi ne a daina ɓoye wa talaka lissafi. A rubuta dukan abin da ɗalibi zai biya a shekara a takarda ɗaya, da Hausa da ajami, a manna a ofishin magajin gari da ƙofar kowace lise tun kafin a zauna jarrabawa, don uba ya san buhu nawa zai keɓe. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit, a kuma faɗi inda ya tafi a ƙarshen shekara. In an karɓi kuɗin magani, a ga magani. A bar manomi ya biya kashi-kashi, don wanda aka matsa wa da kaka dole ya sayar da hatsi da wake a lokacin da suka fi araha, ya dawo ya saya da tsada da bazara. Ɗan kasuwa ne ke cin ribar wannan gaggawa, jami'a ba ta ƙaru da komai ba. A wajen raba burs kuma a dubi halin gidan da yaro ya fito tare da makinsa. Ƙaramar hukumarmu da ke karɓar kuɗin kasuwa, ita ma ta keɓe wani abu, ko kuɗin takardu da na mota ne, ga 'ya'yan ƙauye da suka ci bak.

Mu ma muna da laifinmu. Mutum zai kashe dukiya a biki da suna ba a ji kansa ba, in ɗan maƙwabcinsa ya rasa jika biyar na takarda sai ya ce Allah ya hore. Matanmu sun fi mu dabara, su da ke adashi.

Saboda haka kowane reshe ya yi wannan aiki kafin taro mai zuwa. A rubuta sunayen yaran gari da ke ajin ƙarshe na lise, maza da mata. A nemi ɗalibi ɗaya da ke jami'ar Maraɗi, in ya zo hutu ya zauna da iyaye ya lissafa musu abin da ya kashe bara, da rasit a hannu. A bincika wanda ba shi da takardar haihuwa a kai shi a yi masa tun yanzu. Abin da kuka samu ku aiko mana da direban motar kasuwa, za mu buga shi a fitowa ta gaba.