Mun Shafe Tsakar Gida da Siminti, Muna Kukan Tsadar Kayan Miya

'Yan uwa marubuta, rubutun wannan mako zai sosa wa wasu rai, sai haƙuri.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwandon tumatirin da ya taso daga Kadawa ko Kura ba ya isowa kasuwar 'Yankaba sai da kuɗin mota a kansa. Wannan kukan kowa ya iya shi. Abin da ba ma son ji shi ne namu laifin. Gidajen da muka taso a ciki akwai zogale a bayan ɗaki, akwai rama da yakuwa a gefen rijiya. Yau mun malale ko'ina da siminti, wai wayewa.

Mu marubuta mun taya. Duba littattafanmu: gidan Alhaji furanni ne tun daga bakin ƙofa, talaka kuwa ba shi da aiki sai jiran ranar da mai kuɗi zai auri 'yarsa. Yaushe rabon da mu rubuta unguwar da ta yi gayya ta ciyar da kanta?

Za a ce babu fili. Buhun da aka cika da ƙasa da taki yana ɗaukar kuɓewa, cikin wata biyu an fara tsinka. Alayyafo ko wata biyun ba ya kaiwa. Ga bayan makarantun firamare, ga kangwayen da suka zama bola.

Maganar ruwa ce mai nauyi, don wanda ke saye a hannun 'yan garuwa ba zai zuba wa shuka ba. Ba kuma muna nufin ruwan Jakara ba, kowa ya san abin da ke gangarawa cikinsa. Amma ruwan alwalar masallacin unguwa fa, sau biyar kullum yana tafiya kwata? Bututu ɗaya ya isa ya juya shi cikin lambu.

In an tsinka, a bi tsarin ciyayya da iyayenmu suka sani: yaro ya miƙa kwano gidan marayu bayan magariba, babu hoto, babu sanarwa a Facebook.

Duk wanda unguwarsu ke da irin wannan lambu ya faɗa mana a ƙasa: wa ke ban ruwa, wa ke rabo?