Haƙƙin Mawaƙa a Kasuwannin Gombe

A kasuwannin Gombe, matasa masu kwamfuta suna tura wa jama'a waƙoƙi a katin waya su karɓi kuɗi, amma ko sisi ba ya isa hannun mawaƙi. Da can kaset ake kwafa. Yanzu aikin ya fi sauƙi, asarar kuma ta ƙaru. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta hana wannan, haka ma sabuwar da aka sanya wa hannu a 2023. Abin mamaki, har attajirin da ba ya wasa da zakka bai ɗauki waƙa a matsayin dukiyar wani ba. A ganina kame ba zai yi magani ba. Gara hukuma ta yi wa masu turawar rajista, su riƙa biyan mawaƙa wani kaso duk wata.