Sabulun aski: mai araha ko na 'yan gayu? Abin da na gani bayan zango guda



Yau ba maganar sufabaiza ko kuɗin makaranta na zo da ita ba, maganar aski ce. Na san wani zai ce, "Haba malam, duk abin da ke damun mu sai sabulun aski?" Ka daure ka karanta zuwa ƙarshe, don maganar ta taɓa aljihu, ta taɓa lafiya, har addini ma ta ɗan taɓa.

A gida, tun ina yaro wanzamin unguwarmu ne ke mini aski. Ya zo da zabirarsa, ya jiƙa kai sosai, ya wasa aska, ya gama ba ƙurji ko ɗaya. Da na zo Ibadan yin digiri na biyu sai na koma shagon aski na kusa da masaukinmu. A bi da kilifa, sannan a ɗauko reza a kankare wuya da ƙeya a bushe, a watsa sifirit, ka biya ka tafi. Ba a yi wata biyu ba wuyana ya cika da ƙuraje. Ga zafi, ga gumin Kudu da ba ya bushewa. Ranar da na gabatar da seminata ta farko, kwalar riga na gogar ƙurajen, ina amsa tambayar farfesa ina sosa wuya kamar mai ƙazwa. Wallahi daga ranar na ce ni zan riƙa yi wa kaina.

Kafin wani ya taso min da fatawa: ina da gemuna, ban taɓa shi. Ƙasan wuya da ƙeya nake gyarawa, wani lokaci in yi tal-kwabo idan zafi ya yi yawa. Hukuncin gemu kuma na malamai ne, ni ɗalibi ne.

Irin askin da na koma shi ne na da: abin aski na ƙarfe da ake ɗaura wa reza mai baki biyu, irin rezar nan da kowane mai tireda ke sayarwa, sai burushi, sai sabulun aski. A jiƙa gashi, a kaɗa kumfa da burushi, a shafa, a aske a hankali. Da na shiga YouTube don in koya, sai na tarar ashe duniya ce guda. Kuma masu harkar sun rabu gida biyu.

Gida na farko su ne masu sabulan kamfani masu araha. Akwai Arko na Turkiyya, ɗan dunƙule mai giram 75 da ake gogawa a fuska kai tsaye. Akwai Cella na birnin Milan mai jan gwangwani, wanda ke ɗauke da shekarar 1899 a jikinsa. Akwai Proraso na Italiya mai sanyin mantol. Waɗannan an daɗe ana yin su da yawa a masana'anta, masu aski na ƙasashensu da su suke aiki kullum.

Gida na biyu su ne masu sabulun hannu, wanda ƙananan masu sana'a ke dafawa kaɗan-kaɗan, yawanci a Amurka da Turai, irin su Stirling da Barrister and Mann a Amurka, ko Martin de Candre a Faransa. Su kuma suna alfahari da kayan haɗi masu yawa da ƙamshi kamar na turare mai tsada. A can Amurka yawancin gwangwani ɗaya yana kaiwa dala 15 zuwa 25, alhali dunƙulen Arko bai wuce 'yan daloli biyu ko uku ba. Ka ɗora kuɗin jigila a kai, ka tuna yadda naira ta koma tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, sai ka ga gwangwani ɗaya ya ci kuɗin abincinka na kwanaki.

Ni dai mai araha na saya ta intanet, don shi aljihuna ya iya. Sai Allah ya sa wani abokina a sashenmu, yayansa ya dawo daga Amurka ya kawo masa na hannu gwangwani biyu. Ya ba ni aron ɗaya, ya ce in gwada in ji yadda manya ke aski. To, tunda bincike muke koyo, sai na mayar da abin gwaji. Zango guda, sau uku a mako, reza iri ɗaya, burushi ɗaya, ruwa ɗaya. Wata rana ma ɓangaren dama da wannan, hagu da wancan. Ba binciken da za a buga a mujalla ba ne, fuska ɗaya ce da wuya ɗaya, amma gani ya kori ji.

Ga abin da na gani.

Ta wajen kumfa, mai arahar bai bar komai ba. Cikin rabin minti ya ba ni kumfa mai kauri da ke zama a fata har in gama. Na hannun ya fi shi laushi da maiƙo, kamar kindirmo, amma yana shan ruwa da yawa kuma sai ka iya shi. Makon farko ɓata shi kawai na riƙa yi, ko ya yi kauri ya toshe reza, ko ya tsinke.

Ta wajen santsi, wato yadda reza ke zamewa ba ta kama fata, na hannun ya ɗan fi, musamman idan ka sake bi ta wurin da kumfa ta riga ta tafi. Amma bambancin bai kai yadda 'yan bidiyo ke zuzutawa ba. Ban yanke da ɗaya fiye da ɗayan ba.

Bayan aski ne na hannun ya nuna kansa. Fata na zama da laushi, ba ta ɗamewa. Mai arahar yana busar da fata kaɗan, wannan gaskiya ne. Sai dai na gano maganinsa a ɗakina yake: ɗan man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa, in murza a tafin hannu in shafa, shi ke nan an yi kunnen doki.

Ƙamshi kam ba a haɗa su. Mai arahar ƙamshin lemun tsami ne mai ƙarfi irin na sabulun da, wasu na so wasu ba sa so. Na hannun kuwa kamar ka shiga shagon turare. Amma minti goma bayan ka wanke fuska ya tafi. Kuma wani abin da ba a faɗa maka: yawan turare a sabulu na iya sa fata raɗaɗi. Gwangwani na biyu na abokin nawa, mai ƙamshin kayan yaji, sau ɗaya ya shafa fuskarsa ta yi ja, ya ajiye shi. Kuɗi sun tafi.

Ta wajen daɗewa, dunƙulena ya kai ni wata huɗu da ɗoriya. Na hannun da yake yana da taushi, burushi na kwasar sa da yawa, kuma a damshin Kudu dole ka bar shi a buɗe ya sha iska kafin ka rufe.

Dalilin da ya sa tazarar ba ta da yawa, sai da wani ɗan sashen kimiyyar haɗa sinadarai ya warware min. Ƙashin bayan kowane sabulun aski ɗaya ne: sinadarin sitiyarik asid, wanda ke sa kumfa ta yi kauri ta zauna, da kitse ko man kwakwa, a dafa su da sodar fotasiyam, sau da yawa a haɗa da sodar sabulu da muka sani. Mai araha yana da wannan, mai tsada ma shi ne. Abin da na hannu ke ƙarawa shi ne gilisarin mai yawa, da mayuka irin su man kaɗanya da man gashin tumaki, da turare. Ƙarin yana da daɗi, amma ba shi ke yanke gashi ba.

Don haka ra'ayina a fili yake: ɗalibin da ke lissafin kuɗin fotokwafi da na data, ya sayi mai araha ya kwantar da hankalinsa. An ce araha ba ta ado, na yarda. Amma ni ba ado na je nema ba, aski na je yi, kuma ya yi.

Kuma in faɗa muku gaskiya, ƙurajen nan ba sabulu ne ya kore su ba, ko mai tsadar ko mai arahar. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi ƙasa sosai, musamman da abin askin roba mai baki uku ko biyar da ke jan gashi kafin ya yanke, sai tsinin ya lanƙwasa ya koma cikin fata, jiki ya ɗauke shi baƙo, ƙurji ya fito. Abin da ya yi min aiki shi ne: in yi aski bayan wanka lokacin gashi ya sha ruwa, in bi yadda gashi ya kwanta, kar in yi masa gaba da gaba, kar in danna, kar in ja fata, in canza reza bayan aski uku ko huɗu, in gama in shafa alimun a jiƙe, in ɗauraye. Idan ƙuraje sun riga sun fito, a bar wurin ya huta makonni, a riƙa rage gashin da kilifa kawai. Idan suka yi ruwa ko suka fara zama tabo mai tudu a ƙeya, asibiti za a je, ba shagon sabulu ba.

Sai ruwa. Idan ruwan burtsatsen masaukinku mai zartsi ne, ko wane sabulu ka kawo zai yi maka gardama. Kafin ka zargi sabulu, gwada kaɗa kumfar da ruwan leda ɗaya ka gani.

Yanzu ga inda na ce addini ya shigo. Ku riƙa karanta jikin kaya. Yawancin sabulan aski na gargajiya da kitse ake yin su. Idan ka ga Tallow ko Tallowate, kitsen shanu ne ko na tumaki. Idan ka ga Lard, na alade ne, kuma akwai masu sabulun hannu da ke sa shi. Mas'alar kitsen dabbar da ba a san yankanta ba, bayan ya rikiɗe ya zama sabulu, malamai sun yi magana a kai, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda ke son ya huta da shakka akwai na man tsirrai zalla, irin su Proraso da Martin de Candre. Wanda ya fi ba ni tsoro ma burushi ne. Mafi arahar burushin gashin dabba, wanda aka rubuta wa Boar ko Pure Bristle, gashin alade ne. Saura kaɗan in saya ban sani ba. Ku nemi na zaren roba, yana da araha, yana bushewa da wuri, kuma yana kaɗa kumfa tsaf.

Ta fuskar lafiya kuma, babbar ribar yin aski da kayanka ita ce ba ka haɗa reza da kowa. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma ƙwayar cutar na iya rayuwa a kan ƙarfe aƙalla mako guda. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ita, da yawa ba su ma sani ba. A masauki kuwa mun san halinmu: "Aboki, ara min kilifarka," "Miƙo min rezar nan in gyara saje." Don Allah mu daina. Idan za ka je wajen mai aski ko wanzami, a Sabo ne ko a Sasa, ka sa a ɓare sabuwar reza a gabanka. Ka je a gwada ka, idan ba ka da shi ka yi rigakafi. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce, to sabulun salo fa? Na gwada shi ma. Yana da santsi, yana wanke fata fes, amma kumfarsa manyan ƙwai ce, kafin ka gama gefe ɗaya ta baje. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma ba don aski aka yi shi ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar da na zauna na karanta bayan gwangwanin abokina. Kitsen shanu. Man kaɗanya. Man kwakwa. Na yi dariya ni kaɗai. Kitse a mahautar kowane gari a Arewa ga shi nan a banza. Kaɗanya kuwa Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ita, daga Neja da Kwara da Kebbi, har ta kai a watan Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyenta waje na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Matanmu ke tsintowa su soya su tatsa, a kwashe a kai Turai da Amurka, wani ya dafa a bayan gidansa, ya maƙala takarda mai kyau, mu kuma mu zauna muna lissafin dala nawa za mu saye shi.

Ban ce masu sabulun hannun can suna cutar kowa ba. Sana'arsu suke, kuma sun iya ta. Wanda Allah ya hore wa, yana son ƙamshi, ya saya ya more, halalinsa ne. Abin da nake ƙi shi ne ɗalibi ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin bincikensa don wani a bidiyo ya ce in ba wannan gwangwanin ba aski bai yi ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ku kuma 'yan uwa masu karanta kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna, ga shawara kyauta. Maimakon aikin ƙarshe da zai kwanta a kanta ya sha ƙura, wani ya gwada haɗa mana sabulun aski da kitsen yankan Musulmi da man kaɗanya, da ɗan ƙamshin da bai da zafi. Ni ne mai saye na farko, wuyana kuma na ba da shi a yi gwaji.

Gwangwanin aro dai na mayar wa mai shi da godiya. Na sayi dunƙule na biyu na mai arahar, canjin kuma na buga babi na uku da shi.

Wanda ya taɓa gwada wani daban, ko yake fama da ƙurajen aski, ya faɗa mana abin da ya yi masa aiki, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya mayar da mu gida lafiya.