Wa Ya Rushe Gayya A Fagen Wasan Harbi?

Duk wanda ya ratsa ɗakunan kwanan ɗalibai bayan sallar isha'i ba zai rasa jin ƙarar bindigogi tana tashi daga wayoyin hannu ba. Wannan yana Call of Duty Mobile, wancan yana PUBG, na kusurwa kuma yana Free Fire. Ko da yake an ce mutum huɗu ko biyar ne a ɓangare guda, sai ka tarar kowa ta kansa yake yi. Abokin wasansa ya faɗi yana neman a tashe shi, shi kuwa ya wuce farautar maki. Da an sha kashi sai zagi ya biyo baya. Galibi akan ɗora laifin a kan 'yan wasan yanzu, wai ba su da haƙuri. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba. A ganinmu kamfanonin da ke ƙera wasannin su ne suka rushe gayyar, sannu a hankali.

Bari mu waiwaya baya kaɗan. A Counter-Strike, wanda ya fito a 1999, duk wanda aka harbe ba ya dawowa sai an gama zagaye, kuma kuɗin sayen makami yana ƙaruwa ne idan ɓangarenku ya ci. Saboda haka mai kuɗi kan sayi bindiga ya jefa wa wanda ba shi da su, domin faɗuwar ɗaya asarar kowa ce. Sa'an nan a 2005 kamfanin DICE na ƙasar Suwidin ya fito da Battlefield 2, inda mutum 64 ke iya gwabzawa a fili guda. Kowane ɓangare yana da kwamanda mai kallon taswira, shi ke aiko da kayan agaji da ruwan igwa. Mayaƙa kuma an kasa su rukuni-rukuni, mutum shida-shida, kowane rukuni da shugabansa. Wanda aka kashe yana iya sake bayyana kusa da shugaban rukuninsa muddin shugaban yana da rai, don haka tilas a tsare shi. Mai jinya yana samun maki idan ya tayar da wanda ya faɗi, mai rabon harsashi ma haka. Watau ladan mutum yana ɗaure da amfanin da ya yi wa 'yan'uwansa.

Amma babban abin da ya riƙe wancan zamani shi ne wurin haɗuwa. Wasa yana gudana ne a kan wata kwamfuta mai masauki, wadda wasu 'yan wasa suka yi haya da kuɗinsu, suka sa mata suna da dokoki. Tamkar zauren unguwa ce. Kullum da dare sunayen da ka gani jiya su za ka gani yau. An san gwani, an san mai raki, an san wanda ke gudu ya bar 'yan'uwansa. Wanda ya cika fitina mai zaure ya kore shi. Mutum kuwa ba ya wasa da mutuncinsa a inda zai dawo gobe.

To, sai aka soma kwance wannan ɗauri. Halo 2 na 2004 ya yaɗa tsarin da na'ura ce ke zaɓo maka abokan wasa daga ko'ina, ku yi minti goma ku watse, wataƙila har abada. Call of Duty 2 na 2005 ya sa rauni yana warkewa da kansa in an fake na 'yan daƙiƙoƙi. Ina amfanin mai jinya ke nan? A 2007 Call of Duty 4 ya zo da tukuici ga mai kisa a jere ba tare da an kashe shi ba: uku a nuna masa inda maƙiya suke, biyar ya kira jiragen yaƙi, bakwai jirgi mai saukar ungulu. Mai hankali sai ya lafe a lungu yana tara adadi, tutar da aka ce a tsare kuwa ko oho. Modern Warfare 2 na 2009 ya ƙara gaba, ya soke zaurukan 'yan wasa a kwamfuta duk da ƙorafin da aka yi, ya kuma ba wanda ya kashe 25 a jere bam ɗin nukiliya mai rufe wasan ɗungurungum. Mutum ɗaya ya yanke wa kowa hukunci.

Magana ma ta ƙaura. Tun da Xbox 360 ya kawo hirar abokai ta keɓe a 2008, kana Discord ya biyo a 2015, sai kowa ya shige ɗaki da aminansa, aka bar fili shiru. A nan fa dole mu yi adalci: ashariya da cin mutunci, musamman ga mata, su suka kori mutane da yawa daga makirufo, kuma ƙaramin ma'aikacin da ya dawo ofis da rabin sa'a a hannunsa ba shi da lokacin neman zaure. Sauƙin da aka kawo ba ƙarya ba ne. Sai dai an saye shi da tsada, mu kuma da muke tsakurar kuɗin abinci mu sayi data mun fi kowa jin zafin wasan da wani baƙo ya lalata ya fice ba ko sallama.

Hujjarmu mafi ƙarfi ita ce, duk inda aka gyara tsari sai haɗin kai ya dawo, alhali 'yan wasan ba su sake ba. Apex Legends na 2019 ya ba mutum damar nuna maƙiyi ko makami da danna maɓalli ɗaya, sai ga baƙi uku da ba su jin harshen juna suna tafiya tare. Squad da Hell Let Loose, masu mutum 50 a kowane ɓangare, sun gina wasansu a kan umarnin shugaban rukuni, kuma sun sami jama'arsu. Shi kansa DICE ya gwada akasin haka a Battlefield 2042 na 2021: ya watsar da tsohon rabon ayyuka, ya kuma saki wasan mai ɗaukar mutum 128 ba tare da hanyar magana da murya ba. Da kuka ya yi yawa, ya sa muryar a 2022, ya maido da rabon ayyukan a farkon 2023, kuma Battlefield 6 da ya fito a watan Oktoba na 2025 da ayyuka huɗun nan na da ya zo tun ranar farko.